Na kai laptop gyara a Batha, ga yadda ta kaya

Jama'a laptop dina ce ta fara rarrafe, kafin ta bude sai na gama shan shayi. Na so in canza mata kayan ciki da kaina amma tsoron balle sukurori ya hana ni, sai na dauke ta zuwa wani dan shago a Batha nan Riyad, yaron shagon Bahaushe ne ma, haifaffen Makka.

Gaskiya ya san aiki. Ya cire tsohon hard disk, wato ma'ajiyar fayiloli, ya sa sabon samfuri mai sauri da ake kira SSD mai 512GB, ya kara RAM, wato memorin da take aiki da shi, daga 4GB zuwa 8GB, kuma duk a gabana yayi, har yana nuna min wai a fara cire batir kafin a taba komai a ciki, ya kuma mayar min da tsohon hard disk din a hannu yace kar in bar shi ko'ina tunda hotunan iyali na ciki. Wannan kam ya burge ni.

Inda na ji haushi, da na miko wayata a sa gilashi sai yace in bashi lambar budewa. Haba malam, wayar da Absher (manhajar harkokin gwamnatin Saudiyya) da banki ke ciki? Na ki. Gilashin ma akwai kumfa a gefe.

Laptop dai yanzu kamar walkiya.