Gargaɗi ga matasan Gombe kan masu tallar wuƙar jifa da "katin izini"

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da bidiyon wasan jifa da wuƙa da gatari ya fara yawo a TikTok da Facebook, wasu suka samu hanyar cin kuɗin matasa a Gombe. Suna buɗe shafi, su zuba hotunan wuƙaƙe masu ƙyalli, su ce akwai "cikakken saiti na mai koyo": wuƙa uku, ƙaramin gatari, da kati wanda wai zai ba ka izinin riƙe su. Kada wanda ya tura musu ko sisi.

Salon nasu kusan ɗaya ne. Za a ja ka zuwa WhatsApp, a ce kayan suna Legas ko Kano, saura saiti biyu kacal, ka tura rabin kuɗi a ajiye maka. Sunan da ke kan asusun bankin daban, sunan shafin daban. Kana turawa sai kuɗin mota ya biyo baya. Bayan kwana biyu wani ya kira ka a matsayin direba, ya ce jami'ai sun tare kayan a hanya tunda makami ne, sai an biya kuɗin sakin su. A nan mutane da yawa ke ƙara turawa, don suna tsoron kada sunansu ya shiga magana. Da sun ga ka tsaya, sai su toshe lambarka.

Wasunsu kuwa suna aiko da kayan, kuma wannan ma cuta ce, domin abin da ke zuwa ba ya jefuwa, rauni kawai yake jawowa. Wuƙar jifa ta gaske ƙarfe ɗaya ce tun daga tsini har marikin, babu katako ko roba a jikinta. Tsawonta santimita 25 zuwa 35, kaurinta milimita 5 zuwa 6, nauyinta giram 200 zuwa 300. Gefenta dakushe yake, tsinin kaɗai ke aiki, saboda a wasu jifan ta wajen ruwan ake riƙe ta. Abin da 'yan damfara ke aikowa bai wuce santimita 15 ba, ga rashin nauyi, ga kaifi gefe biyu. Wuƙa marar nauyi ba ta shiga itace. Tana dukansa ta dawo da ƙarfi, sau da yawa wajen ƙafa ko fuskar mai jifa. Masu ramuka da ado a jiki kuwa daidai wurin ramin suke karyewa, igiyar da aka naɗe marikin da ita kuma ba ta jure dukan katako.

Akwai gwaji uku da ba sa cin minti biyar. Ɗora ta a sikeli. Kara mata maganaɗisu: in bai kama ba, ba irin ƙarfen da ake taurarawa ba ne, yawanci zubi ne na ado, zai lanƙwashe ko ya ɓalle. Sannan goga magagari a gefenta. In ya zame bai ci komai ba, taurin ya yi yawa, tsinin zai tsinke ya yi tsalle. In ya ci ta da sauƙi kamar ƙusa, tsinin zai murɗe tun jifan farko. Abin da ake nema shi ne ya ci kaɗan, da ƙyar. Mai sayarwa na gaskiya ba zai hana ka wannan gwajin ba. In daga nesa yake, ce masa ya kira ka ta bidiyo, ya ɗora wuƙar a sikeli da ruler a gefe kana gani. Hoton tallar kuma saka shi a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya fito, sau da yawa za ka tarar daga shagon wata ƙasa aka kwaso shi.

Gatarin ma haka. Na jifa yana da rami a kansa inda ƙota ke shiga a danne ta da ƙaramin ƙarfe ko katako, kan ya kai giram 500 zuwa 800, ƙotar santimita 30 zuwa 45. Nasu bututun ƙarfe ne da aka liƙa wa kai. Girgiza shi kusa da kunne, in ka ji motsi ajiye shi. A kula kuma, gatarin gida da ake soka ruwansa cikin ƙota na faskare ne, in an jefa shi kan na iya fita ya bar ƙotar.

Maganar katin ta fi komai damun mu. Suna buga masa tambarin World Axe Throwing League ko International Axe Throwing Federation. Ƙungiyoyin nan na gaske ne, daga Kanada suka fito, inda wasan na zamani ya fara a Toronto a 2006, ita World Axe Throwing League kuma a 2017 aka kafa ta. Aikinsu tsara gasa da dokokinta, misali tsayawa ƙafa 12 daga allo, wato wajen mita 3.7. Ba su ba da izinin yawo da makami a Nijeriya, ba su da wannan hurumin ko a ƙasarsu. Kowa ya san abin da Gombe ta gani a hannun 'yan Kalare, da Bauchi a hannun 'yan Sara-suka, ya kuma san yadda jami'an tsaro ke kallon matashi da wuƙa a jiki. Yaron da ya ɗauko wuƙa uku a jaka daga Tumfure zuwa Pantami, aka tare shi ya zaro wannan katin, ya ƙara wa kansa laifin takardar jabu ne. Iyaye, don Allah ku duba wayoyin yaranku da jakunkunansu.

Mai son wasan tsakani da Allah yana da hanya mai sauƙi a nan gida. Kai wa maƙeri awon da muka faɗa, ya ƙera maka guda uku iri ɗaya daga tsohon sifirin na mota, ka ce masa kada ya ba ta taurin wuƙar yanka, kada kuma ya wasa gefenta. Ka biya bayan ka auna. Allon jifa a yanko shi daga gungumen itace mai laushi irin rimi ko malaina, kaurin santimita 15 zuwa 20, a jefi fuskar da aka yanka, a riƙa yayyafa mata ruwa. Ƙirya da maɗaci sun yi tauri, wuƙa za ta riƙa dawowa. A yi a cikin gida mai katanga, da takalmi sau-ciki, babu yaro ko dabba a gaba, a gefe, ko mita 3 a bayan mai jifa. Ana farawa daga wajen mita 3, inda wuƙa ke yin juyi ɗaya. In marikin ne ke dukan allo, ka matsa gaba ko baya da rabin taki, kada ka ƙara ƙarfi.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko an tsorata shi da maganar kamu. Ya ɗauki hoton hirar, da shafin, da rasidin bankin tun kafin su goge. Ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, domin da zarar an kwashe kuɗin daga asusun, dawo da su yana wuya. Daga nan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ko ofishin EFCC na shiyyar Gombe, ya kuma kai ƙarar shafin a Facebook ko TikTok. In katin ya riga ya iso hannunsa, ya haɗa shi cikin shaidun da zai miƙa.