Hattara da mai sayar da kayan birki "na Beljiyam" ta waya a Zariya

Jama'a, musamman 'yan'uwana direbobin haya masu Golf da 406 da ke bin hanyar Kaduna da Kano daga Kwangila, akwai wata damfara da ta fara yawa a garin nan, kuma ta shafi rai, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Aikina gyaran mota ne, kayan kuma sun zo hannuna na gani da idona.

Wani mutum ne yake saka hotunan kayan birki a Facebook da zaurukan WhatsApp, diski (faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya) da kalifa (maƙallin da ke matse shi) da fad (layin da ke gugar diskin), tsaf-tsaf suna ƙyalli. Ya ce kwantena ce ta sauka kai tsaye daga Beljiyam, farashinsa kuma ƙasa da na shagunan Sabon Gari nesa ba kusa ba. In ka ce za ka zo ka gani, sai ya ce yana hanya, ka tura kuɗin, yaronsa zai same ka a PZ da kayan. Tambayarsa ɗaya ce tak: "Wace mota ce, Alhaji?" Kana cewa Golf 3, sai ya amsa, "Akwai, ai duk ɗaya ne."

To, ba ɗaya ba ne. Golf 3 kaɗai, diskin gabanta akwai mai faɗin milimita 239, akwai 256, akwai 280, gwargwadon ƙarfin injin. Yawancinsu ramin kusa huɗu ne, amma na mai babban injin VR6 biyar ne. Akwai diski falle ɗaya, akwai mai ramukan shan iska a tsakiya wanda ya fi kauri, kuma kowanne da kalifarsa. Haka 406, wata birkin ganga ne a tayoyinta na baya, wata diski. Mai sayarwa na gaskiya zai tambaye ka shekarar mota da injinta, ko lambar chasis mai haruffa da lambobi 17, ko ya ce ka kawo tsohon a gwada. Wanda bai tambayi ko ɗaya ba, kuɗinka kawai yake so.

Rashin dacewar ma da sauƙi a kan abin da na tarar. Wani direba ya kawo min nasa a cikin buhu. Na sa sukundireba na kankare diskin kaɗan, sai fentin azurfa ya ɓare, tsatsa ta bayyana a ƙasa. A gefen diski kamfani yakan buga iyakar kaurin da bai kamata ya gaza ba, za ka ga an rubuta MIN TH da lamba. A wannan an goge wurin da giranda. Diski ne da ya gama aiki a nan gida, aka kai shi injin aka fere shi har ya yi sumul, aka fesa fenti. Siririn diski ba ya jure zafi. Ka ɗauko fasinja cike da mota, ka taka birki da ƙarfi a guje, zai iya lanƙwasa ko ya tsage.

Kalifa biyun da ke cikin buhun kuma duka na hagu ne. Wannan yana ruɗar mutane, domin ta hagu takan iya ɗauruwa a dama. Sai dai ɗan nonon da ake fitar da iska ta cikinsa zai koma ƙasa maimakon sama, iska kuwa sama take taruwa. Ko kwana za a yi ana famfo ba za ta gama fita ba, birki zai riƙa lumewa ƙarƙashin ƙafa. Robar fistin ɗin ɗaya ma a yage take. Fad ɗin kuwa, a tsohon ƙarfe aka manna sabon layi, ana ganin gam ɗin a gefe.

Da direban ya kira shi, sai ya ce, "Oga, bakanikenka ne bai iya aiki ba." Daga nan lambar ta daina shiga.

Ni ba na hana kowa sayen na hannu, halin da ake ciki kowa ya sani, kuma a Sabon Gari akwai masu shago na kirki da suke karɓar kayansu in bai dace ba. Diski da kalifa na hannu suna yin aiki in an duba su da kyau. Fad da man birki ne dai ban yarda a sayi tsoho ba. Ka tafi da bakanikenka da tsohon kayan, a ɗora ɗaya kan ɗaya, a auna kauri, a duba alamar L (hagu) da R (dama) a jikin kalifa, a rubuta maka rasidi da sharaɗin mayarwa kafin ka ba da ko sisi.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsa, kada ya goge hirar WhatsApp da shaidar tura kuɗin. Ya sanar da bankinsa, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya kuma faɗa wa shugabannin tasharsu. In an riga an ɗaura kayan a motarka, ka ajiye ta yau a kwance su a duba kafin ka sake ɗaukar fasinja.