Mai zobe da mai yankan tumbi: shan ruwansu ba ɗaya ba ne

Hajiya, na karanta tambayarki sau biyu, domin akwai abu guda a cikinta da ya tayar mini da hankali. Kin ce wata uku ke nan da aka saka miki zobe a tumbi don rage ƙiba, kuma tun da aka ƙara matse shi mako biyu da suka wuce, ko ruwa kika kurɓa sai ya tsaya miki a ƙirji, wani lokaci ya dawo. Maƙwabciyarki da aka yi wa yankan tumbi ta ce ki yi haƙuri, ita ma haka ta sha wahala kafin ya wuce. Shi ne kike tambaya ko lamarin naku ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne. Baiwar Allah nan gaskiyarta ta faɗa, amma gaskiyar tumbinta ce. Aikin jinya nake yi, kuma na ga irin wannan shawara ta alheri ta sa mutum ya zauna a gida har jikinsa ya bushe.

Mu fara da abin da aka yi wa kowace. Ke ba a yanke miki komai ba. Wani zobe na roba mai laushi aka ɗaura a wuyan tumbinki daga sama, ya ware ɗan aljihu da bai wuce mililita 30 ba, wato kamar babban cokali biyu. Daga zoben akwai siririn bututu da ya zo har wata ƴar roba da ke ƙarƙashin fatar cikinki, inda likita ke soka allura ya ƙara ruwan gishiri don zoben ya matse, ko ya zuƙe don ya saki. Tumbinki ya zama kamar mazurari: tuwo yana daɗewa a sama kafin ya gangara, ruwa kuwa ya kamata ya bi ya wuce abinsa. Ita kuma an cire mata kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin baki ɗaya, aka bar mata siririn abu mai siffar ayaba, da dogon ɗinki a gefe. Nata ba ya komawa yadda yake. Naki ana iya sassauta shi cikin ƴan mintoci, ana ma iya cire shi.

Daga nan bambancin ya taso. Wahalar da ta sha a makonnin farko ta kumburin ɗinki ce da ƙarancin wuri. Kumburi yana sacewa, tumbin yana ɗan sakewa, shi ya sa haƙuri ya yi mata magani. Ke kuwa a wata na uku babu wani kumburin tiyata da ya rage. Bayan an ƙara ruwa a zobe akan ɗan ji tsauri na kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake cewa a koma abu mai ruwa-ruwa a kwanakin nan kafin a dawo abinci mai laushi. Amma mako biyu cur ruwa yana dawowa, wannan zoben ne ya matse fiye da kima, ko kuma ya zame daga wurinsa. Babu ɗaya daga cikin biyun da haƙuri ke gyarawa. Yawan amai ma shi ne ke ƙara tura tumbi ya kutsa ta cikin zoben, ko ya buɗa aljihun sama da maƙogwaro. Wasu suna murna idan zobe ya matse sosai, suna ganin ramar za ta zo da sauri. Abin da ke faruwa shi ne su kasa cin nama da ganye, su koma kunu da lemo, ga amai, ga ƙwannafi, nauyin kuma yana nan.

Akwai inda kuka haɗu. Ku duka ana so ku sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, kuma ku duka kwankwaɗa ta ƙare muku, sai kurɓa. A Maraɗi wannan adadin shi ne mafi ƙaranci, don a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, gumi kaɗai yana kwashe abin da mutum ya sha. Mai cikakken tumbi idan ya dawo daga kasuwa sai ya kafa kai a moɗa ya rama abin da ya rasa. Ku ba ku da wannan damar. Wanda ya jira sai ƙishirwa ta kama shi ya riga ya makara, domin ba zai iya biyan bashin a zama ɗaya ba.

Ga lissafin da nake yi wa mutane. Idan kin cire lokacin barci da lokutan cin abinci, abin da ya rage miki na sha bai fi awa goma ba. Lita ɗaya da rabi a awa goma, mililita 150 ke nan kowace awa, wato ledar ruwa ta rabin lita duk bayan awa uku. Ki juye ta a gora, ki riƙe gorar kamar yadda kike riƙe waya, kurɓi ɗaya kowane ƴan mintoci. Kada ki tsotsa daga ledar ko da tsinken shan lemo, iska kike haɗiya tare da ruwan. Lemon kwalba mai gas kuma ku duka ku bar shi. Fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi fari-fari kina kan hanya, idan ya yi ja ya ragu, ga ciwon kai da jiri da bushewar baki, jiki ya fara bushewa. Idan abin ya daɗe yana kawo taurin bayan gida da tsakuwar ƙoda.

Dokar raba ruwa da abinci ma ta shafe ku duka, a daina sha kamar rabin awa kafin ci, a jira rabin awa bayan an gama, sai dai dalilin ya bambanta. A wurinta wuri ne babu: idan ruwa ya cika tumbin, abinci ba shi da mazauni. A wurinki abu biyu ne. Ko dai ruwan ya wanke abincin ya tura shi ƙasa da wuri, yunwa ta dawo, amfanin zoben ya tafi, ko kuma, idan loma ta riga ta tsaya a bakin zoben, ruwan ya taru a kanta ya dawo sama. Wannan na biyun ya fi ba mu wahala, don tun muna yara idan abu ya maƙale mana ruwa ake miƙo mana. Ga mai zobe, kora loma da ruwa ƙara matsala ne. Ki tashi tsaye, ki ɗan zagaya, ki ba shi lokaci.

Zafin ruwan ma yana da tasiri. Masu zobe da yawa sun fi jin tsauri da safe, wasu kuma a kwanakin al'ada. Ruwan ɗumi ko shayi marar kauri da sassafe yakan sassauta hanya, mai ƙanƙara kuwa yakan ƙara ɗaure ta, don haka ruwan randa ya fi miki na firiji. Masu yanka sau da yawa akasin haka suke faɗa: ruwa zalla yana yi musu nauyi, sai ya yi sanyi ko an ɗiga masa lemon tsami yake shiga.

Sai abin da ba a cika son ji ba. Zobe idan matsinsa daidai ne ba ya tare abin sha. Hura da nono, kunun gyaɗa, zoɓo da lemo masu sukari, shayin nan na majalisa da ake zuba wa sukari har ya yi danƙo, duk suna wucewa kamar ruwa. Mai yanka takan ji cikinta ya cika da wuri, wani lokaci zaƙi ya tayar mata da zuciya, wannan ya ja mata birki. Ke babu abin da zai tsayar da ke. Idan ruwa ya gundure ki, zoɓo marar sukari ko romo marar maiƙo suna shiga lissafin abin da kika sha.

Azumi kuwa, likitocin wannan fanni sukan ba da shawarar a ɗaga shi a watannin farko bayan kowace irin tiyatar, da yawa ma suna cewa a shekarar farko. Tsakanin magariba da asuba ba za ki iya cusa lita ɗaya da rabi da buɗa-baki da sahur da barci ba, kina kurɓa kina jiran rabin awa. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Ki haɗa maganar likitanki da ta malaminki kafin watan ya kama.

Alamomin haɗari su ma kowace da nata. Ga mai yanka a makonnin farko, bugun zuciya da sauri, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani ko ciwon kafaɗar hagu suna iya nuna ɗinki yana yoyo. Ga mai zobe, kasa haɗiye ruwa ko yawu, amai bayan kowane kurɓi, tari da dare ko farkawa da ruwa mai tsami a baki, da ciwo a saman ciki. Amai na makonni kuma yana ƙarar da bitamin B1 a jiki, rashinsa yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, don haka ki faɗa wa duk wanda zai yi miki ƙarin ruwa ta jijiya tsawon lokacin da kika ɗauka kina amai.

Abin da nake roƙonki, Hajiya, ki kira wanda ya matse zoben yau, ki gaya masa mako biyu ke nan ruwa yana dawowa, ki nemi a rage. Idan daga safe zuwa yamma ba abin da ya zauna, ko fitsari ya ɗauke, kada ki jira amsarsa, ki tafi asibiti nan Maraɗi a saka miki ƙarin ruwa, ki riƙe takardun tiyatarki a hannu. Ƙarin ruwa zai farfaɗo da ke, amma ba zai sassauta zoben ba. Wannan sai wanda ya iya, da allura ta musamman wadda ba ta ɓata robar da ke ƙarƙashin fata, domin allurar yau da kullum tana iya huda ta ta lalace. Idan a Yamai likitan naki yake, ta fi kilomita 600 daga nan, saboda haka ki tambaye shi wa zai iya yi miki wannan a kusa, ki kuma roƙe shi ya rubuta miki sunan allurar da yawan ruwan da ke cikin zoben a yanzu.