FX30, Blackmagic ko ta gwanjo? Abin da na gani bayan mako uku da sabuwar kyamara a Jos

Tun ranar da na ɗora hoton kwalin sabuwar kyamarata a WhatsApp ban sake hutawa ba. Ƙannenmu masu tasowa a harkar, musamman waɗanda suka fito daga Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke nan Jos da kwalejin talabijin ta NTA da ke Rayfield, tambaya ɗaya suke yi mini: "Oga, wacce zan saya?" To ga amsar a rubuce, kowa ya karanta, wayata ta sarara.

Amma ku fara sanin irin aikina, don kada mai ma'aikata ashirin ya ɗauka da shi nake. Gajerun finafinai nake yi da shiri mai dogon zango na YouTube. Mu uku ne a lokeshan: ni da kyamara, yaro ɗaya da sandar makirfo, ɗaya da fitila. Wata rana a keke muke loda kayan gaba ɗaya. Duk kyamarar da sai an tara mata mutum biyar kafin ta yi kyau, ba tawa ba ce.

Sony FX30 na saya. Ba sabuwa ba ce a duniya, tun 2022 ta fito, a kan dala 1,799 ita kaɗai, ko 2,199 idan da mariƙin sama mai ramukan makirfo. A hannuna ne take sabuwa. Ba zan rubuta kuɗinta a naira ba, domin kafin ka gama karanta wannan ma farashin ya motsa.

Abin da ya fara saye zuciyata ba hoto ba ne, fanka ce. Akwai ƙaramar fanka a cikin jikinta mai fitar da zafi. Wanda bai taɓa tsayawa a ranar Abuja cikin watan Afrilu ba, jarumai sun haddace magana, mai gidan da aka ara yana duban agogo, sai kyamara ta nuna alamar zafi ta mutu, ba zai gane me ya sa nake zumuɗin fanka ba. Ni ya faru da ni da tsohuwar kyamarata. Muka cire batir, muka buɗe murfin kati, yarona yana yi mata fifita da faifan mutanen gidan, matan gida suna leƙe suna dariya. Mutanen Jos kan ce ai garinmu da sanyi. Haka ne, muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, amma aiki ba ya zama a Jos. Yau kana Bukuru, jibi an kira ka Lafiya ko Gwagwalada. Na bar FX30 ɗin tana ɗauka tun bayan azahar har aka kira la'asar a cikin ɗaki mai rufin kwano, ko gezau.

Na biyu shi ne fokas. Tana kama idon jarumi ta bi shi, ya juya, ya sunkuya, ya taho wajenka, ba ta sakinsa. Malamanmu na makaranta za su ce ƙwararre da hannu yake juya fokas. Gaskiya suka faɗa, idan yana da mai juya masa. Ni da nake tafiya da baya a kan duwatsun Shere, ido ɗaya a allo ɗaya a ƙasa kada in karye, wannan abin ya zame mini ma'aikaci na huɗu wanda ba ya cin abincin rana.

Sai launi, kuma a nan ne zan daɗe. Matsalarmu ta kullum ita ce baƙar fata a cikin farar shadda a tsakiyar rana. Ka buɗe don fuska ta fito, shadda ta ƙone ta zama farin fili babu aiki babu zare. Ka rufe don aikin wuyan riga ya fito, fuska ta nutse. FX30 tana ɗaukar hoto mai bit 10, wato kowane launi yana da matakai 1,024, a maimakon 256 na kyamarorin bit 8 da yawancinmu muka taso da su. Amfanin wannan sai a teburin tacewa ake ganinsa: ka ɗago fuska, ka danne shadda, hoton bai tsage ba. Sararin sama na lokacin hunturu, wanda a da yake fitowa layi-layi kamar an jera tabarmi, yanzu sumul yake. Idan kana da lokacin gyaran launi, ka ɗauka da saitin launi na S-Log3. Idan kuma irin shirin nan ne da dole ya hau YouTube ranar Juma'a ko sama da ƙasa za su haɗe, ka sa saitin S-Cinetone ka wuce, fatar mutane tana fitowa da jini a jika ba tare da ka taɓa komai ba.

Da dare na gwada ta a teburin wani mai shayi kusa da kasuwar Terminus, da kwan fitilarsa guda ɗaya da wutar murhu. Tana da matakan haske biyu na asali, ISO 800 da 2500, kuma a 2500 hoton ya fito da tsabta. Ba zan yi ƙarya ba, ba ta kai yayarta FX3 gani a duhu ba, wadda matakinta na sama 12,800 ne. Amma FX3 a kan dala 3,899 ta fito. Da rarar kuɗin za ka sayi fitilu biyu masu kyau da lens, har ka biya jarumai.

Wani ƙaramin abu da ya ba ni dariya: jajayen fitilu gaba da baya da ke kunnuwa idan tana ɗauka. Duk mai ɗaukar hoton da ya ce maka bai taɓa cewa "kat" ba sannan ya ga ashe bai danna ba tun farko, ka ce ya rantse.

Aibinta? Babu madubin leƙawa, allo ne kawai, kuma rana tana cin allon. Babu tabarau na rage haske a ciki, sai ka sayi irinsa da ake kira ND ka ɗaura a bakin lens. Batir uku nake ɗauka don yini ɗaya, ko in jona mata fawa bank ta USB-C. Kuma kuɗin da ka gani na jiki ne kawai, babu lens. Ni Tamron 17-70 mai f/2.8 na haɗa mata, Sigma 18-50 ma ya isa kuma ya fi sauƙin nauyi.

Yanzu sauran. Blackmagic Pocket 4K, wadda ta fito a 2018 a kan dala 1,295, ita ce kaɗai ta sa na yi kwana biyu ina juyi. Hotonta kyakkyawa ne, kuma tana zuwa da lasisin manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve Studio kyauta. Amma ba ta bin fuska da kanta, allonta a kafe yake, batirinta kuma da ƙyar ya kai awa guda. Kafin ka ɗaura mata keji da babban batir da ma'ajiyar SSD, sunan "ta aljihu" ya zama zolaya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yayarta 6K Pro ta 2021 ta zo da ND a ciki, sai dai nauyi da kuɗi sun ƙaru tare. Panasonic GH5 ta 2017 jaka ce wajen juriya, amma fokas ɗinta yawo yake. Panasonic S5 II ta 2023 ta gyara wannan, kuma da a ce masu hayar lens a garin nan suna ajiye irin nata, da na ƙara dubawa. Canon R5 kuwa, labarin zafinta tun 2020 duniya ta gama ji, ni kuma na faɗa muku tarihina da zafi. Masu cewa har yanzu Canon 5D Mark III ta isa, Allah ya ba da sa'a, ta yi zamaninta tun 2012.

Kowacce ka saya, ka shiga saiti ka mayar da ita tsarin bidiyo na PAL, firem 25, shota 1/50. Wutarmu mai bugun 50 ce, ta Amurka 60. Kyamarar da aka shigo da ita daga can ta kan zo da saitin can, sai ka ga hoto yana ƙyafta ido a ƙarƙashin fitilar ɗaki ka zaci lalacewa ta yi.

To, ga inda na fi so ku buɗe kunne, domin ba kyamara ce ta taɓa sa ni hawaye ba, kati ne. Shekarun baya na sayi katin ajiya a wani shago a Abuja, da tambarin babban kamfani, a cikin leda mai ƙyalli, an rubuta 128GB. Mai shagon har da cewa, "Maigida, wannan na ajiye maka ne." Arahar da ya yi mini ta sa na ɗauki biyu. Muka tafi ɗaukar fim a magangarar ruwa ta Assop da wani dattijon jarumi da ya ba mu yini ɗaya tak. Kyamara ta nuna komai yana shiga. Da dare na zuba a kwamfuta, sunayen fayil duk suna nan, amma daga na sha biyu zuwa ƙasa babu wanda ya buɗe. Ashe ɗan ƙaramin kati ne aka yi wa dabara yake ƙaryar girma, idan ainihin cikinsa ya cika sai abin da ya biyo baya ya bi iska. Dattijon ya riga ya hau mota. Na koma shagon, aka ce ai ni na lalata.

Shi ya sa yanzu, kamar wanda maciji ya sara ya ga tsumma, duk katin da na saya sai na cika shi maƙil da wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw, ta rubuta ta karanta ta faɗi gaskiyar girmansa da saurinsa. Ka kuma duba alamar V a jikinsa: V30 na nufin ba zai gaza megabait 30 a daƙiƙa ba, V90 kuma 90. Mafi nauyin tsarin ɗauka na FX30 yana neman V90 ko katin CFexpress Type A, kuma yana cin sama da 100GB a awa. Duk wanda ya miƙo maka V90 a kuɗin katin waya, ka yi masa sallama. Kyamarar tana da ramin kati biyu, ka saita ta ta riƙa rubutawa a duka biyun lokaci guda. Ni ko tallan shago zan ɗauka haka nake yi.

Batir ma akwai jabu. Batirin FX30, wato NP-FZ100, na bogi yakan fi na gaske rashin nauyi, rubutun jikinsa ya ɗan dushe, ya nuna kashi arba'in sannan ya ɗauke kamar Nefa. Wani har kumbura yake ya maƙale a ciki. Gara ka sayi na wani kamfani da ya rubuta sunansa a fili da ka sayi mai aron suna.

Idan ta gwanjo za ka saya, ba laifi, amma ka je da katinka da kwamfutarka. Ka rufe bakin lens, ka ɗaga ISO, ka ɗauki duhu, ka duba ko akwai ɗigon ja ko fari da ba ya motsi. Ka ɗauki farin bango don ganin ƙura ko tabo a sensa. Ka jona wayar HDMI mai kai hoto zuwa wani allo ka ɗan girgiza ta, domin ramin nan ne yake fara mutuwa a hannun masu haya. Ka haska tocila cikin lens, idan ka ga abu kamar saƙar gizo-gizo, danshi ya riga ya ci shi. Ka gwada lambar jikin kyamara da ta kwali. Ka kuma buɗe wajen zaɓen harshe, saboda Sony da aka yi don kasuwar cikin Japan sau da yawa da Japananci kaɗai take zuwa, kuma akwai masu sayar da ita ba su faɗa ba. Kada ka yarda da "dal a kwali" don ka ga leda, injin liƙe leda ba shi da tsada.

Masu shafin Instagram da ke cewa ka tura rabin kuɗi kaya na kan hanya daga Legas kuwa, ni ban da ciniki da su. Wani ƙanena a harkar ya tura, aka aiko masa da hoton risit da lambar direba. Yau wata biyar ke nan lambar a kashe take, shafin kuma ya canza suna yana sayar da takalma.