Sitacin rogo ko selulos: wanne ya fi kama dalma a ruwa?

Malam, ka tambaya tsakanin sitacin rogo da selulos (zaren da ke jikin tsirrai) wanne za ka sarrafa don gwada cire dalma daga ruwan tsofaffin ramukan kuza na wajen Bukuru. In a bututu za ka ɗura shi ruwa na ratsawa, ɗauki selulos. In gwajin kwalba ne kawai, sitaci ma zai yi.

Dukkansu sarƙar gulukos ce, ɗaurin ne ya bambanta. Na selulos a miƙe yake kuma a matse, ruwa ba ya narkar da shi. Sitaci kuwa da zafi ya kai digiri 60 zuwa 70 na Salsiyos sai ya kumbura ya koma kamar koko. Ɗanyensu ba ya kama ƙarfe sosai, sai an dasa masa rukunin kaboksil, wato guraben sinadari da dalma ke maƙalewa a kai.

Aikin selulos ba ya cin kuɗi. Niƙa totuwar masara ko garin katako, waɗanda ke ɗauke da selulos, ka tankaɗe, ka jiƙa awa ɗaya a ruwan sodar yin sabulu, giram 4 a lita, ka wanke. Sai ka haɗa sitirik asid giram 115 a lita, ka zuba mililita 7 ga kowane giram ɗaya na gari. Ya kwana yana bushewa a digiri 60, sannan ka ɗaga zuwa 120 na minti 90. A nan ake yawan ɓata aiki. In zafi ya zarce, garin zai yi duhu, kaboksil ɗin su ɗaure juna, wurin kama dalma ya ragu. In kuma wanki bai fita ba, ragowar asid ɗin zai riƙe dalmar a cikin ruwa, ka zaci garin ne ba ya aiki.

Sitaci ya fi saurin karɓar sinadari, amma yawan abin da ka dasa masa, yawan narkewarsa. Dole a ɗaure sarƙoƙinsa. Epikulorohaidirin yana yi, sai dai guba ne da ake dangantawa da kansa, don Allah kada ka buɗe shi inda babu na'urar zuƙe tururi. Sodiyom tirimetafosfet ya fi aminci. In ɗauri ya yi kaɗan, sitacin ya kumbura ya toshe bututu. In ya yi yawa, ƙofofinsa su rufe. Ga saurin yin fumfuna, kuma in ana wanke shi da asid don sake amfani, ya fi selulos saurin lalacewa.

Ko wanne ka zaɓa, tsayar da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, a kusan 5. Ƙasa da 3 haidurojin zai mamaye guraben kama dalma. In ya haura 6, dalmar na iya kwanta da kanta fari fat a gindin kwalba, ka lissafa ta cikin wadda garinka ya kama. Saboda haka ajiye kwalba ɗaya babu gari, ka auna ta tare da sauran. Kuma kada ka yi tsammanin ruwan rami zai ba ka sakamakon ruwan da ka haɗa a lab, domin kalsiyom da ƙarfen da ke cikinsa su ma suna neman guraben.