Desibel 75 ko 85: wanne ya dace da falon gida?

Wani ɗan'uwa daga Mabera a Sakkwato ya kawo tambaya. Ya sayi kayan sauti, wufa (mai fitar da sauti mai kauri) ɗaya da sifiku biyu, ya kafa a falo. Mai shago ya ce masa muddin bai wuce rabin bolum ba, kunnensa lafiya lau. Ƙanensa da ke aiki a masana'anta ya ce iyakar ita ce desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), haka ake gaya musu a wurin aiki. Shi kuma ya ji wasu na cewa 75 zuwa 80. Yakan yi awa uku zuwa huɗu yana saurare kowane dare, kuma akwai yara a gidan. Wanne zai bi?

Malam, mu fara sallamar maganar mai shago. Lambar da ke jikin bolum ba ma'auni ba ce. Rabin bolum a wata na'ura raɗa ne, a wata kuma ya isa ya tashi unguwa. Ko a na'ura ɗaya, rabin bolum idan ka sa filashi daban yake da rabin bolum idan ka haɗa waya ta Bluetooth, kuma tsohuwar waƙar da aka kwafo daga kaset ba ta kai sabon ɗauka ƙarfi. Abin da kunne ya sani abu biyu ne kawai: ƙarfin sautin da ya iso gare shi a inda kake zaune, da tsawon lokacin da ya yi yana sha.

Saura 75 da 85. A ido tazarar ba ta da yawa, goma ce kacal. Amma desibel ba ya tafiya irin ta mudu, a ce biyu da biyu huɗu. Duk ƙarin desibel 3 ninka ƙarfin sautin ne sau biyu, ƙarin 10 kuwa ninkawa ce sau goma. Inda yaudarar take, kunne yana jin ƙarin goman nan kamar ninki biyu ne kawai. Kai kana jin ka ɗan ƙara, shi kuwa kunnen an ɗora masa kaya goma a madadin ɗaya.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba, sai dai lambar tasa ta wurin aiki ce. Cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ita ta ba da shawarar desibel 85 na awa 8 a rana. Daga nan duk ƙarin 3 lokacin ya rabu biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 minti 30, 100 minti 15. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cibiyar da kanta, a bayaninta na 1998, ta ƙiyasta cewa ko a wannan iyakar, wajen mutum 8 cikin 100 jinsu zai taɓu bayan shekara 40 na aiki. An sa lambar ne a inda ake ganin masana'anta za ta iya bi, an kuma ɗauka cewa ma'aikaci zai koma gida kunnensa ya huta sauran awa 16. Idan ya koma gida ya kunna wufa a 85, lissafin ya rushe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi tsaurarawa. A ƙa'idar da ta fitar a 2019 tare da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, babba yana da desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma 75 na awa 40. An tsara ta ne don masu saurare da waya da iyafis, amma kunnen ɗaya ne. Idan aka bi wannan lissafin, a 75 kana da fiye da awa 120 a mako, wato ba za ka iya cinye su ba. A 80 awa 40. A 85 wajen awa 12 da rabi. A 90 awa 4 kacal.

To ka auna da kanka. Awa huɗu sau bakwai, awa 28 ke nan a mako. A 75 ko kashi ɗaya cikin huɗu na rabonka ba ka taɓa ba. A 80 ka ci kashi 70 cikin 100, an bar maka kaɗan na titi da kasuwa. A 85 ka ninka rabonka fiye da sau biyu, tun kafin a sa ƙarar kabu-kabu, janareta, injin niƙa na maƙwabta ko bikin da ka zauna kusa da lasifika. Asusun ɗaya ne, duk ƙarar da ka sha a mako a cikinsa take shiga. Kuma kunne bai san bambancin waƙa da wa'azi ko sharhin ƙwallo ba, ƙarfi kawai yake ƙirgawa.

Ta ɓangaren daɗi, dole a yi wa 85 adalci: ya fi daɗi, kuma akwai dalili. Tun 1933 masu bincike biyu, Fletcher da Munson, suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne yana rasa sauti mai kauri fiye da yadda yake rasa na tsakiya. Shi ya sa idan ka rage bolum sai ganga da bes su zama kamar an tsame su, waƙar ta zama salam. Mutane da yawa ba ƙarfi suke nema ba idan suka kai hannu ga bolum, kaurin nan suke nema. Maganinsa a 75 shi ne ka ɗan ƙara bes shi kaɗai, ko ka danna maɓallin da aka rubuta wa Loudness idan na'urarka tana da shi, don wannan aikin aka yi shi. Matsar da wufa kusa da bango ko kusurwa ma yana ƙara kauri ba tare da ka taɓa komai ba, sai dai idan ta shige kusurwa sosai takan koma gunji marar fasali. Ka gwada tazarar taku ɗaya daga bango, ka riƙa matsarwa kaɗan-kaɗan.

Ta ɓangaren na'ura, bambancin ya fi yadda ake zato. Sifikar gida mai kyau takan ba da wajen desibel 85 zuwa 90 da wat ɗaya tak, idan aka auna a tazarar mita ɗaya. Mu ɗauki mai 88. Ka zauna a mita uku, nisa ya rage wajen 9 zuwa 10, sifika ta biyu ta ƙara 3, ka tashi da 81 zuwa 82, bango kuma ya ƙara nasa. Wato don samun 75 ko rubu'in wat ba ka buƙata. Don samun 85 kana buƙatar wajen wat 2 a matsakaici, amma bugun ganga yakan yi tsalle desibel 10 zuwa 15 sama da matsakaicin, a wannan ƙiftawar ana neman wat 20 zuwa 70. Ƙananan kayan sauti da yawa ba su da shi. Dubban wat ɗin da ake bugawa a kwali da harufan PMPO talla ce, lambar da ke gefen RMS ita ce ta aiki. Idan amfilifaya ta kai maƙura sai ta riƙa yanke kan sautin, ka ji yana tsaga yana kartar kunne, kuma wannan ne ke ƙona ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririn sauti. Ranar da wuta ta zo da rauni, ko ƙaramin janareta ya ɗauki kaya da yawa, maƙurar takan zo da wuri.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa sauti mai tsafta ba ya cutarwa. Shi ya fi iya yaudara. Mai tsagewa yana gundurarka ka rage, mai tsafta kuwa sai ka kai 90 kana jin garau.

A Sakkwato abin da ke tura mutum daga 75 zuwa 85 yawanci ba son ƙara ba ne, ɗakin ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, fankar sama tana kan lamba ta ƙarshe, ta tsaye tana gefe, tagogi a buɗe, janareta yana tsakar gida. Waƙa ba ta fitowa sarai sai ta ɗara hayaniyar ɗaki da wajen desibel 10 zuwa 15. Idan hayaniyar tana 50, 60 zuwa 65 ya wadatar. Idan ta kai 70, ba ka da zaɓi sai 80 da wani abu. Ga kuma tayil a ƙasa da bangon siminti tsirara, suna mayar da sauti ta ko'ina, kalmomi su cakuɗe, ka ƙara bolum don ka fahimta, amsa-kuwwar ma ta ƙaru tare da shi. Gyaran a nan ya fi sauƙin kuɗi: darduma ko kafet tsakanin kujera da sifiku, labule mai kauri, janareta ya yi nisa da taga, wanda dama hayaƙinsa ma ya wajabta hakan. Sifikun su zo daidai tsayin kunnenka in kana zaune, su fuskance ka, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da tazararka da kowacce. Kujera a mita biyu ta fi kujera a mita huɗu, domin sautin da ya zo kai tsaye yakan rinjayi wanda bango ya dawo da shi, ka ji komai a ƙaramin ƙarfi.

Yadda za ka san inda kake kuwa, awo ne, kuma ba ya cin minti goma. Ka sauke manhajar auna ƙara a waya. Masu iPhone akwai ta NIOSH, kyauta ce kuma an gwada ta. A wayoyin Android makirufo ya bambanta daga waya zuwa waya, kuskuren desibel da yawa ba abin mamaki ba ne, kuma wasu sukan daina hawa idan ƙara ta yi yawa, don haka ka bar tazarar 3 zuwa 5 ta kariya. Ka zaɓi ma'aunin dBA. Ka zauna inda ka saba, waya a tsayin kunne, ba yatsa a kan makirufo, ba iskar fanka tana bugunsa kai tsaye, don iska tana kumbura lamba. Ka fara auna ɗakin babu waƙa, fanka a kunne. Sannan ka sa waƙar da ta fi kowacce ƙarfi a cikin tarinka, ta yi minti biyu zuwa uku, ka karanta matsakaici, ba lambar da ke tsalle ba. Inda matsakaicin ya tsaya a 75 ka sa alama da ɗan salatif ko ka riƙe lambar, ka sa ta biyu a 80. Idan da waya kake turawa, ka bar bolum ɗinta wuri ɗaya kullum, in ba haka ba alamar ta tashi a banza.

Idan babu manhaja, ka sa mutum a tazarar hannu ɗaya ku yi magana. Hira ta yau da kullum wajen desibel 60 ce. Kuna jin juna ba tare da ɗaga murya sosai ba, kana wajen 70 ko ƙasa. Sai ka ɗaga murya da gaske, ka doshi 85. Sai da ihu, ka wuce 90. Idan aka yi sallama a ƙofar falo sau biyu ba ka ji ba, ka duba bolum.

Ma'aunin dBA yana rage lissafin sauti mai kauri da gangan, domin kunne ma haka yake yi. Saboda haka girgizar ƙofa da taga ba ita ce shaidar cutar da kunne ba, shaidar cutar da maƙwabci ce, tunda kaurin shi ke ratsa bango. Kana iya kasancewa lafiya a 75 amma mai ɗakin da ke jikin naka ya kasa barci. Bayan isha'i a rage wufa, a ɗora ta kan roba ko darduma, a raba ta da bangon da kuka haɗa.

Yaran gidan su ne suka yanke hukuncin. Iyakarsu 75, kuma ba sa zama inda kake zama. Yaron da ya rarrafa ya tsaya rabin mita daga sifika yana iya shan desibel 10 ko fiye sama da abin da kake ji a kujera. Idan kai kana 85, shi yana 95, inda rabon babba ma na mako duka bai wuce awa ɗaya da kwata ba.

Ra'ayinmu: 70 zuwa 75 don zaman kullum, 80 idan ka zauna musamman don saurare na awa ɗaya ko biyu babu yara kusa, 85 waƙa biyu ko uku sannan ka sauko. Ka kula da hannunka bayan awa ta farko, domin kunne yakan gaji ya dusashe, ka ga kamar sautin ya ragu, ka ƙara. Ka bar bolum ɗin inda ka kashe da dare ka kunna da safe. Idan ya firgita ka, jiya ka wuce gona da iri.

Mutane suna zaton dodon kunne ne ke fashewa. Ba shi ba ne. Can ciki akwai wani ɗan bututu mai siffar dodon-koɗi, ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi wajen 16,000 a kowane kunne, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ɓarnar takan fara ne a siririn sauti, wajen girgiza 4,000 a daƙiƙa, kusa da inda s, sh, f da ts suke. Shi ya sa mutum zai ce yana jin murya amma ba ya rarrabe kalmomi, musamman a kasuwa ko wurin ɗaurin aure. Ƙugi a kunne bayan ka kashe waƙa, ko jin kamar an cusa maka auduga, alama ce ta cewa ka wuce iyaka ko da ya washe washegari. Ka ba kunnen kwana ɗaya cur babu ƙara. Idan ƙugin ya wuce kwana biyu, ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka nemi gwajin ji. Idan kuwa kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, wannan na ranar ne, kada a tsaya ɗiga mai ko jiran ya buɗe da kansa, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko.