Kontak, na'urar lantarki ko sabon distributa: wanne ya dace da tsohon injin V?

Mai tsohuwar Range Rover mai injin V8 na lita 3.5, ko Chevrolet mai V8, ko Peugeot 604 mai V6, ya san ciwon kan kontak, wato ƙarafan da ke buɗewa da rufewa a cikin distributa mai raba wa fulogi wuta: yau tayimin (lokacin tashin wuta) daidai, bayan wata biyu mota na shan mai tana ƙin tashi da safe. Danshin Legas yana sa bakin kontak tsatsa, kondensar (mai kare bakin kontak daga ƙonewa) da ake samu a kasuwa yanzu kuma ba ta da ƙwarin ta da.

Kafin ka nufi kasuwar kayan mota ta Ladipo, buɗe murfin distributa, ka kama sandar da rota (abin da ke juyawa a ƙarƙashin murfin) ke kai ka girgiza ta gefe da gefe. In tana wasa, bushin ya cinye, kuma duk na'urar da ka ɗora a kai asarar kuɗi ce. Murɗa rota kaɗan ka saki. In bai koma da kansa ba, sifirin na ciki sun saki ko tsatsa ta kama ƙarafan da ke ƙara tayimin. Sannan zuƙi tiyon bakyum da baki, farantin ciki ya kamata ya motsa ya tsaya.

In distributa lafiyarsa lau, abin da muka fi ba da shawara shi ne a cire kontak da kondensa a sa ƙaramar na'ura a gurbinsu, irin Pertronix Ignitor mai aiki da maganaɗisu ko Lumenition mai aiki da haske. Babu abin da ke gogar wani, saboda haka tayimin ba ya gocewa. Amma a nan ake yawan ƙona kuɗi. Ignitor na farko yana son kwayil (mai ƙara ƙarfin wutar fulogi) da in an auna zai nuna aƙalla om 1.5 a V8, om 3 a silinda shida. Ka sa wanda bai kai haka ba, zafi ya kashe shi. Barin makulli a kunne inji a kashe ma yana ƙona shi, abin da aka gyara a Ignitor II. Sa riwaya, mai gyaran wutar mota, ya auna kwayil da mita a gabanka, kada ka dogara da rubutun kwali. Wayoyin fulogi masu zallar tagulla kuma suna rikita na'urar, a canza su da irin waɗanda ake kira suppression.

In sanda na wasa, sai sabon distributa ɗungurungum. Ga Chevrolet akwai HEI, wanda GM ta mayar da shi na kowace motarta a 1975, kwayil ɗinsa a cikin murfi. Yana son cikakkiyar wutar batir ta bolt 12, don haka tsohuwar wayar da ke rage wuta ba za ta yi ba, a ja masa sabuwa daga makulli. Kansa ƙato ne, auna wurin tukuna. Akwai kuma 123ignition na ƙasar Holan, wanda wasu nau'ikansa da wayar hannu ake saita su. Yana da kyau, yana da tsada, kuma in ya mutu a gosulon gadar Third Mainland ba bakaniken bakin titi da zai taɓa shi.

Abin da ba a wasa da shi: a Rover V8 da Chevrolet, gindin distributa ne ke juya famfon man inji. Bakin gindin nan ya bambanta tsakanin tsofaffin injinan Rover da na baya, saboda haka tafi kasuwa da naka a hannu ka jera su, ka duba giya da tsawo. In bai zauna ba, inji zai tashi man inji ba ya zagayawa. Mai V6 na Peugeot ya kula shi ma: tsohon injin PRV ba ya tashin wuta a tazara ɗaya, murfi da rota na wani V6 ba za su yi masa ba.

Distributa maras suna mai arha, modul ɗinsa, wato na'urar lantarkin da ke maye gurbin kontak, shi ne ke fara mutuwa da zafi. In shi ƙarfinka ya kai, shafa farin man rage zafi a ƙarƙashin modul, ka sayi modul na biyu ka ajiye.

Bayan ɗaurawa, jerin wuta a Rover da Chevrolet shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2, a saita tayimin da fitilar tayimin ba da kunne ba. Tsohon kontak da kondensa kuwa a naɗe su a leda a bar su cikin mota, ko da na'urar za ta mutu a hanya. Tazarar kontak a Rover milimita 0.35 zuwa 0.40 ce.